Ƙwayar da ba a bari rana ɗaya: labarin zuciyar Innarmu

 Yau ba maganar farashin hatsi muka zo da ita ba, ba kuma ta rijiya ko ta hanya ba. Labarin gidanmu ne. Mun daɗe muna ja-in-ja tsakaninmu, mu 'ya'yan tsohuwar, ko mu rubuta ko mu yi shiru, domin akwai laifinmu a ciki, kuma ba kowa ke son tona kansa a gaban jama'a ba. Ita da kanta ta raba gardamar. Ta ce, "Ku faɗa musu, amma kar ku sa sunana." To ga shi nan, ba suna.

Innarmu ta haura shekara 60, tana zaune a ƙauyenmu cikin kwarin Tarka, gundumar Belbeji. Duk wanda ya san rayuwar matan wannan yanki ya san abin da gwiwa ke gani: ɗaukar ruwa daga rijiya mai nisa, sussuka, surfe, daka, roron wake a durƙushe. Ciwon gwiwa ya cinye ta har ta koma yin salla a zaune, abin da ya fi komai ɓata mata rai. Wata ranar kasuwa, wani mai tallan magani a kan babur ya ba ta wata 'yar ƙaramar farar ƙwaya, ya ce sunanta deksa, kuɗinta bai kai na ƙwaryar nono ba. Kwana biyu tsakani, Inna ta yi sujada da goshinta a ƙasa. Wa zai ga laifinta in ta riƙe wannan ƙwaya? Daga ɗaya a rana ta koma biyu, daga biyu ta koma uku. Haka aka yi shekara biyu da wani abu.

Mu kuwa murna muke. Fuska ta ciko, kumatu sun fito, maƙwabta na cewa, "Kai Hajiya, hutu ya karɓe ki, lallai yara na aike." In wanmu da ke Libiya ya kira ta WhatsApp ya ga hotonta, sai ya ce alhamdulillahi kuɗinsa ba su tafi a banza ba. Ba mu lura cewa ciki ne ke girma ƙafafu suna sirancewa ba. Ba mu kula da fatar hannunta da ta yi laushi kamar takarda ba, da an ɗan buge ta sai wurin ya yi baƙi. Ƙaya ta soke ta a ƙafa, miki ya yi wata biyu bai warke ba, muka ce tsufa ne. Ƙishirwa da yawan fitsarin dare, muka ce zafi ne. Da ƙafafu suka fara kumbura, mai babur ɗin nan ya ƙara mata wata ƙwayar, wai ta fitsari, mai zuƙe ruwan jiki. Ita ma ta shiga cikin gwangwanin madarar da take ajiyar magani.

A watan Janairun 2025, tsakiyar hunturu, ciwon kai ya matsa mata, muka kai ta gidan likita mafi kusa da mu. Majo ya auna tansiyo ya ce 18, ya auna sukari ya ce shi ma ya hau. Ya ce mu kawo masa duk abin da take sha. Da muka juye gwangwanin a kan tebur, ya ɗaga fallen deksa ya ce, "Ga ɓarawon nan. Dole a raba ta da wannan, amma ba ku za ku raba ta ba. Ku kai ta Tanut likita ya tsara yadda za a yi." Wallahi haka ya faɗa, ba mu da abin da za mu ɗora masa. Mu ne kunnenmu ya ɗauki rabin farko ya bar rabin ƙarshe. Muka dawo gida da zafin kai, babbar yayarmu ta kwashe ƙwayoyin ta zuba a masai. Muka ce tafiya Tanut sai ranar kasuwa in an samu mota, tunda dai an riga an kori ɓarawo.

Rana ta farko lafiya lau. Ta biyu ta ce jikinta ya mutu, ko fura ba ta so. Ta uku sai amai da ciwon ciki, in ta miƙe sai jiri ya kwashe ta. Daren rana ta huɗu ta tashi za ta kama ruwa, ta zube a bakin ƙofa. Jiki ya yi sanyi, gumi na keto mata cikin wannan hunturun, magana ba ta fita sosai. Ƙanwarmu ta ɗora kunne a ƙirjinta ta ce zuciyar na gudu tana tuntuɓe. Mota muka ɗauka shata cikin dare, kuɗin da ko ciniki ba mu tsaya yi ba, muka bi yashi har Tanut. Wanda bai taɓa riƙe kan uwarsa a bayan mota yana jiran ya ji ko numfashi ya tsaya ba, Allah Ya sa kar ya gani.

A asibitin gundumar Tanut, likita ya tambayi magungunan da take sha. Muka faɗa, har da ɗan alfahari muka ƙara da cewa ai mun riga mun tsayar mata da mugun. Ya ajiye biro ya dube mu. "Yaushe ta sha na ƙarshe?" Muka ce kwana huɗu ke nan. "Wa ya ce ku tsayar?" Ba wanda ya iya amsawa. Nan take aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi mata allurar wani ɗan uwan maganin da muka zubar, mai suna hidrokotizon. Kafin azahar Inna ta buɗe ido ta nemi kunu. Abin da muka jefa a masai muna ganin mun yi jihadi, irinsa ne aka mayar mata ta jijiya ta farfaɗo.

Da hankali ya kwanta likitan ya zaunar da mu ya yi mana bayani, mu kuma ga yadda muka fahimta. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka kamar hula, ita ke samar da wani sinadari mai suna kotizol. Shi ke riƙe ƙarfin jini kada ya faɗi, shi ke riƙe sukari, shi ke tallafar jiki in zazzaɓi ko rauni ya zo. Deksa da danginta, waɗanda likitoci ke kira kortikoyid, kwaikwayon wannan sinadari ne, sai dai deksa ta ninka na jiki ƙarfi kusan sau 25. In mutum ya sha ta fiye da mako uku zuwa huɗu, jiki sai ya ga ana kawo masa daga waje, ya rage yin nasa. In abin ya kai shekaru, tsokar nan sai ta kwanta barci. Ya ce mu ɗauki gidan da ɗansu ke aiko da kuɗi daga Libiya duk wata har suka bar noma, rumbu ya zama wurin kwanan kaji. Ranar da aike ya yanke, gona ba ta ba da hatsi a kwana uku. Sai an yi shara, an yi shuka, an jira damina. Shi ya sa ake rage aiken kaɗan-kaɗan, har gidan ya koma gona.

Amma zancen bai ƙare nan ba. Ƙarfin jini ya dawo, zuciyar kuwa ba ta daina tuntuɓe ba. Likita ya riƙe wuyan hannunta ya daɗe, ya sa mu ma muka taɓa: bugu uku da sauri, shiru, bugu ɗaya mai ƙarfi, biyu marasa ƙarfi, ba tsari. Ya rubuta mana takarda zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram, a ɗauki zanen bugun zuciya, wanda suke kira ECG, a kuma auna gishirin da ke cikin jini. Muka sayar da rago muka kama hanyar kusan kilomita 150, ta Sabon Kafi da Bakin Birji, muka wuce matatar mai ta SORAZ, Inna na kwance a kan cinyar yayarmu, wadda tun daga Tanut ba ta daina neman gafararta ba.

A Damagaram aka manna mata wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da doguwar takarda. Likitan zuciya ya ce abin da ke damunta suna kiransa fibrilasiyo. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma akwai wani ɗan wuri a sama da ke ba da umarnin kowane bugu. Ku tuna lugude, mata uku a turmi ɗaya, kowace taɓarya na sauka a lokacinta. To a zuciyar Inna ɗakunan sama sun bar lugude sun koma rawar ɗari, na ƙasa kuma suna amsawa yadda ta zo musu. Haɗarin ba a faɗuwar gaba kaɗai ya tsaya ba. Jinin da ba a tura shi da kyau yana iya kwantawa ya yi guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Mai wannan ciwo ya fi wanda ba shi da shi shiga wannan haɗari kusan sau biyar. Nawa ne a ƙauyukanmu suka wayi gari baki ya karkace, aka ce iska ce ta buge su?

Muka tambaye shi, to shan maganin ne ya jawo ko barinsa? Ya ce duka biyun suna da hannu, da wasu abokan tafiya. Shekara biyu na deksa sun hau da jininta, sun tara mata gishiri da ruwa, zuciya ta yi ta aiki da nauyin da ya fi ƙarfinta, ga shekaru. Sannan kortikoyid na sa jiki zubar da wani gishiri mai suna potasiyom ta fitsari, shi kuwa da shi zuciya ke daidaita bugunta. Ƙwayar fitsarin nan ta ƙara zubar da shi, aman kwana biyu ya kwashe saura. A jinin mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5, na Inna ya faɗo ƙasa da haka. Tsayarwar da muka yi rana ɗaya kuma ta kayar da ƙarfin jini, zuciya ta shiga gudu don ta cike giɓi. Ka ga an taru an yi mata rubdugu ke nan.

Nan ɗaya daga cikinmu, wanda ya ɗan yi lakwal, ya ce ai abin ya zo da sauƙi, tunda da Faransanci ana ce wa kanwa "potasse", sai a dinga dama mata kunun kanwa. Likita ya yi dariya ya ce kul. Sunan ne kawai ya yi kama. Kanwa danginta ɗaya da gishirin miya wajen tara ruwa da hawan jini, ita ce ma farkon abin da za a rage mata, tare da gishiri da magi. In ana son potasiyom daga abinci, ga wake, zogale, tumatir, dankali, gyaɗa, da dabino kaɗan saboda sukarinta. Ya kuma ja mana kunne kada mu kuskura mu sayi ƙwayar potasiyom da kanmu, domin yawansa ma na iya tsayar da zuciya, musamman ga mai ciwon ƙoda. Sai an auna jini ake bayarwa.

Aka sauya mata deksa da wata mai suna prednizolon, wadda ba ta daɗewa a jiki kamar deksa, don haka ta fi daɗin ragewa. Ƙwaya uku na deksa mai 0.5 da take sha sun yi daidai da miligiram 10 na wannan, daga nan aka fara. Sau ɗaya a rana, da safe bayan ta karya, domin da safe ne jiki ke fitar da nasa. Likita ya rubuta matakan a takarda, kowane mataki da makonninsa, ya ce in an iso wajen miligiram 5, wanda shi ne kusan abin da jiki ke yi da kansa a rana, daga nan tafiyar za ta koma ta hawainiya, don nan ne ake jiran tsokar da ta yi barci ta farka. Ba za mu rubuta matakan Inna a nan ba, da gangan. Mun san halinmu, wani zai kwafa ya ba tasa tsohuwar, alhali kowa da nasa awo. An kuma ba ta maganin rage gudun zuciya, da na hana jini yin guda, da na hawan jini. Aka hana ta diklofenak da ibuprofen, irin na ciwon jikin nan da ake sha kamar gyaɗa, domin in suka haɗu da waɗannan suna iya fasa ciki ya yi ta zubar jini.

Muka dawo gida da kaye irin na 'yan lakwal. Jikarta mai shekara 14 ta zama malamar asibitin gidan. Safe da yamma ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannun kakarta ta gefen babban yatsa, ta ƙirga minti ɗaya cur da agogon salula, ba rabin minti a ninka ba, domin bugun da ba shi da tsari yana ruɗin lissafi. Ta rubuta adadin, ta rubuta ko lugude ne ko tuntuɓe, ta rubuta ƙwaya nawa aka sha. Na mai lafiya a zaune yana tsakanin 60 da 100. An ce mana in ya wuce 120 tana hutawa ya ƙi sauka, ko ya faɗi ƙasa da 50 tana jin jiri, mu kira. In kuwa aka ga ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko suma, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta harɗe, ko amai ya hana ƙwayar zama a ciki, to ba kira ba ne, mota ce.

Jarrabawar gaske ta zo cikin azumi, a watan Maris, zafi ya fara. An ce kar ta yi azumi, ta ce to. Ashe in an kai mata abinci sai ta tura wa jikoki. Ƙwayar safe wata rana ta haɗiye ta da sahur, wata rana ta bari sai an sha ruwa, wata rana ta manta. Da dare kuma ga shayi, na fari da na biyu da na uku, mai kauri irin namu, ga goro a kumatu. Ana cikin haka zawo ya kama ta. Kayen ya fara nuna 118, 126, 130, duk tuntuɓe. Ga shi kwana biyar ke nan da saukowa wani sabon mataki na maganin.

Sai gida ya rabu biyu. Wanmu daga Libiya ya yi ta aiko saƙon murya: ragewar ce ke kashe ta, lokacin da take shan deksarta ai lafiyarta ƙalau, a je kasuwa a sayo a mayar mata. Wani kawunmu ya ce a'a, maganin nasara ne ke kaɗa mata zuciya, saura kaɗan ne, a watsar gaba ɗaya a kawo rubutu da saiwa. Kowa na da hujja, kowa kuma don ƙauna yake faɗa. Har an ba yaro kuɗi ya tafi neman mai babur. Yayarmu, wadda ta zubar da na farko, ita ta tare ƙofa ta ce, "Ni na taɓa yin likita a gidan nan sau ɗaya, na ga abin da ya biyo baya. Ba wanda zai ƙara ko ya rage ko rabin ƙwaya sai an kira mai takardar."

Muka hau tudun da ake samun rezo muka kira. Likita bai ce a ƙara ba, bai ce a rage ba. Tambayoyi ya jero: tana cin abinci? Tana shan ruwa? Akwai zazzaɓi, amai ko zawo? Ta tsallake ƙwaya? Me take sha bayan wanda aka rubuta? Nan asirin azumin ya tonu. Ya ce a ba ta ruwan gishiri da sukari na zawo, a kawo ta Tanut a ranar. Aka same ta jiki ya bushe, aka ƙara mata ruwa, aka gyara abin da ya zube, aka mayar da ita matakin da ta baro na ɗan lokaci kafin a ci gaba da sauka. Cikin kwana biyu bugun ya dawo ƙasa da 100. Da mun bi ta wanmu, da an koma gidan jiya, aikin wata biyu ya rushe. Da mun bi ta kawu, da wataƙila ta'aziyya kuke karantawa yau. Limamin garinmu, Allah Ya saka masa, shi ya zo har ɗaki ya ce mata, "Hajiya, Wanda Ya wajabta azumin Shi Ya yi wa mara lafiya rangwame. Ƙin karɓar rangwamen ba ƙarin lada ba ne." Rubutun kawu ma ta sha abinta, ba wanda ya hana, amma tare da ƙwayar, ba a madadinta ba.

Abin da muka koya a wannan dare shi ne zuciyar wannan rubutu. In bugu ya rikice ana tsakiyar rage irin wannan magani, hannu ba gwangwanin magani zai fara zuwa ba. A fara tambayar me ya canja: ruwa, abinci, zawo, zazzaɓi, shayi, goro, kofi, tramol, wani sabon magani, har da abin shaƙa na masu asma, wanda shi ma yana sa zuciya gudu. Sannan a kai wa likita amsar. Shi ya san ko a tsaya a mataki, ko a koma baya taki ɗaya, ko a ci gaba.

Da damina ta yi nisa, a watan Agusta, zazzaɓin cizon sauro ya kama ta, tana kan ɗan ƙaramin awo. Wannan karon ba mu yi gardama ba. Muka tafi da kayen da takardar. Likita ya duba magungunan zuciyarta kafin ya zaɓi na zazzaɓin, tunda wasu magungunan zazzaɓi, irin su kinin, suna taɓa bugun zuciya. Abin mamaki, ƙara mata prednizolon ɗin ya yi na 'yan kwanaki. Ya ce jiki mai zazzaɓi ya fi bukatar kotizol, nata kuwa bai gama farkawa ba. Ya ce ko bayan an gama gaba ɗaya, har shekara guda, duk inda za a yi mata aiki ko ta kwanta ciwo mai tsanani, a faɗa wa likitan wurin cewa ta daɗe tana shan kortikoyid. Mun rubuta haka a wata 'yar takarda, tana cikin jakar carbinta.

Ta haɗiyi ta ƙarshe a farkon kaka, lokacin da yara suka fara gasa tumu. Wata takwas ke nan ana sauka daga abin da muka so mu sauke a dare ɗaya. Ba za mu ce muku komai ya koma daidai ba. Zuciyar takan yi tuntuɓenta jefi-jefi, maganinta da na jini kuwa an ce ta riƙe su, muna kuma komawa awo. Sukari ya sauka, tansiyo ya yi sauƙi, mikin ƙafa ya rufe. Ciwon gwiwa ya dawo, da parasetamol da ruwan ɗumi da sanda ake lallaɓawa, salla kuma ta koma a zaune. Kumatun nan sun tafi. Har mun ji ana cewa a bakin rijiya wai yaran Hajiya sun daina kula da ita, dubi yadda ta rame. Mun ji, mun haɗiye. Raguna biyu da tunkiya suka tafi a wannan hidima, ban da abin da aka aiko daga waje, duk a kan ƙwayar da ba ta kai kuɗin nono ba.

Kada wani ya fahimce mu a karkace, maganin nan ba maƙiyi ba ne. A 1948 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya fara gwada kotizon a kan wata mata da ciwon gaɓoɓi ya kwantar, cikin kwanaki ta tashi ta taka, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu. A watan Yunin 2020, lokacin korona, binciken jami'ar Oxford a Ingila ya nuna deksa ɗin nan dai ta rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi. Amma da awo aka ba su, na kwanaki ƙididdigaggu, a gaban likita. Mai asma da numfashi ya sarƙe masa, da wanda jiki ya kumbure masa don wani abu ya ƙi shi, sun san ranarta. Wuƙa ce mai kaifi, mu ne muka bar ta a tire ɗaya da alewa.

Kuma ba tsofaffi masu ciwon gwiwa kaɗai ba ne. 'Yan matanmu da ake shirin kai wa ɗaki suna shan ta don su ciko, wadda ake ce wa sha-ka-fashe. Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne da kitsen da ya sauka inda bai kamata ba. Akwai masu zuwa a yi musu allurar Kenacort duk lokacin da mura ko ƙaiƙayi ya taso. Akwai man shafawa na sauya launin fata, da yawansu akwai dangin wannan magani a ciki, kuma fata na tsotsewa ya shiga jini. In kun ga Célestène, Solupred ko Cortancyl a kwali, ku sani duk gida ɗaya ne da deksa, magunguna ne na gaske da ke bukatar takardar likita.

Don haka roƙonmu biyu ne, kuma kar ku ɗauki ɗaya ku bar ɗaya kamar yadda muka yi. Na farko, yau ɗin nan ku buɗe gwangwanin maganin tsofaffinku da jakar ƙannenku mata, daga Tanut har Gangara, Olelewa, Falanko, Tenhiya da Belbeji, ku karanta abin da ke rubuce a bayan fallen. Ku da ke waje, in kun ga fuskar tsohuwa ta ciko a hoto, ku tambayi me take sha kafin ku yi hamdala. Na biyu, in kun samu, kuma an daɗe ana sha, don girman Allah kar ku zubar, kar ku ɓoye, kar ku tsayar. Ta sha na yau kamar yadda ta saba, gobe ku kwashi gwangwanin gaba ɗaya ku tafi da ita gidan likita, ku ce a taɓa wuyan hannunta a ji bugun. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu tallan magani kuma, mun san abinci kuke nema, wasunku ma 'yan uwanmu ne. Amma wanda ya ba Inna ƙwayar nan bai san ana rage ta a hankali ba, mun tambaye shi, ido ya zaro. Ku ji tsoron Allah ku bar sayar da abin da ba ku san yadda ake barinsa ba.

Muna godiya ga ma'aikatan lafiya na Tanut da Damagaram da suka yi haƙuri da tambayoyinmu, da majon da ya faɗa mana gaskiya tun farko muka ji rabi. Wanda ya taɓa ganin irin wannan a gidansu ya faɗa mana a ƙasa, wani zai ƙaru. Ku tura wa 'yan uwa, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Inna na gaishe ku, ta ce ku sa ta a addu'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.